Yadda zaka kiyasta ƙarfin ƙodarka bayan an yanke wani ɓangarenta

Da aka samu ƙari a ƙodar kawuna ta hagu likita yace ba sai an cire ta duka ba, wajen ƙarin kawai za a yanke a ɗinke sauran. Tun daga Agege har asibiti muna cikin danfo tambaya ɗaya yake min, "Kai ɗana, wai wankin ƙoda zan koma ne?" Wallahi tausayinsa ne yasa na dage sai da na gane lissafin nan.

Kafin aiki ka karɓi takardar gwajin jinin da suke rubutawa E/U/Cr, ka duba lambar eGFR, ita ke nuna yawan jinin da ƙoda ke tacewa. 90 zuwa sama lafiya lau, in ta zauna ƙasa da 60 har wata 3 to ciwon ƙoda ne. Ka ɗau hotonta a waya dan Allah, takarda a Legas ruwan sama ɗaya ya isa ya cinye ta.

Ga lissafin. A ce lambarka 80 ce, raba ta biyu, kowace ƙoda 40. Wadda aka yi wa aiki yawanci tana riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kaga 40 ta koma 32 kenan, haɗa da 40 ɗin da ba a taɓa ba ka samu 72. Wato abin da ya tafi bai wuce kashi 10 ba kuma tsakaninka da injin wankin ƙoda akwai nisa sosai, sai lamba ta faɗi ƙasa da 15 ake wannan zancen. Amma fa ba kowa ne ƙodojinsa ke raba aiki daidai ba, wani ɗayar ce ke ɗauke da gidan, shi yasa ake wani hoto na musamman ko a auna girmansu a sikanin CT, in kana asibitin LUTH Idi-Araba ko LASUTH Ikeja ka tambayi likitanka ko kana buƙatarsa. Mai ƙoda ɗaya tal kuwa kashi 20 ɗin da ke tafiya daga dukkan lambarsa zai cire.

Kar kaji kunyar tambaya: ranka ya daɗe, nama mai lafiya nawa za a bar min? Wannan ne babba. Ƙari ɗan ƙarami da bai wuce santimita 4 ba yana gefe ba ɗaya yake da wanda ya nutse tsakiya ba. Sannan minti nawa za a matse jijiyar jinin ƙodar lokacin aiki, so ake kar ya wuce 25 zuwa 30. Mai suga ko hawan jini ko furotin a fitsari ko tsufa ya sa ran lambarsa zata ɗan gaza lissafin.

Kwanakin farko bayan aiki lambar kan faɗi, kawu har hawaye yayi, ashe ba ita ce ta gaskiya ba, sai bayan kamar wata 3 ake sake gwaji a ga inda ta tsaya. Kafin nan ba maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen daga kemis, ba agbo ba jiƙo ko wa ya kawo shi, a sha ruwa a riƙa auna hawan jini. Maganar azumi kuma da takardar gwajin wata 3 a hannu muka je muka tambayi likita.