Kurakuran da ke kashe batir idan aka yada zango da motar gida a daji

Kowane watan Janairu dubban motocin gida, waɗanda Amurkawa ke kira RV, kan taru a hamadar da ke kewaye da garin Quartzsite na jihar Arizona. Filin na gwamnatin tarayya ne, hukumar filaye ta Amurka, wato BLM, ke kula da shi, kuma a wurare da dama ana barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14. Babu turken wuta, babu famfo. Wutar da kake da ita ita ce ta batirin cikin mota, da ta faifan sola da ke bisa rufi, sai janareta in kana da shi. Sabon shiga yakan farka a dare na biyu cikin duhu da sanyi, kuma kusan kullum sanadin ɗaya ne: bai lissafa abin da ke fita ba.

Matsalar tana farawa daga lambar da ke jikin batir. Batirin 100Ah (Ah na nufin amp-awa, wato amp sau awa) mai volt 12 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, amma in mai ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata ka taɓa. Idan ana zuƙe shi ƙasa da rabi a kai a kai, farantan cikinsa sukan lalace, ya daina riƙe caji tun bai tsufa ba. Ke nan 50Ah ne a hannunka. Kafin ka bar gida, ɗauki takarda ka rubuta kowace na'ura, amp nawa take ja, awa nawa za ta yi a kunne, ka tara. Wannan lissafin na minti goma ya fi ƙarin batir amfani.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne na'urar ɗumama ɗaki. Za ka ji mutum yana cewa, "Ai gas take ci." Haka ne, gas ne ke ba da zafin, amma fankar da ke hura shi cikin mota batir take ci, wajen amp 7 ko fiye. Daren hunturu a hamada akwai sanyi mai ratsa ƙashi. In fankar ta yi awa biyar tana juyi kafin asuba, ta cinye 35Ah, saura kaɗan cikin hamsin ɗinka, ga famfon ruwa da fitilu ba a sa su a lissafi ba. Ka rage ma'aunin zafin kafin ka kwanta, ka ƙara bargo, ka toshe tagogi da abin da ke hana sanyi shiga. Tsofaffin ƙwan fitila kuma a canza su da LED.

Kada ka amince da ƙananan fitilun nan huɗu da ke jikin bango masu nuna wai batir ya cika. Volt kawai suke aunawa, kuma muddin sola na caji za su nuna maka komai lafiya. Sai batir ya huta, ba caji ba ja, sannan awon zai faɗi gaskiya: 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.2 kuwa ya kai rabi. Mafi alheri ka sa mitar da ake ɗaurawa a kan wayar batir, mai ƙirga duk amp da ya shiga da wanda ya fita.

Duk mai sola a gida, a Kano ko a Damagaram, ya san halin inbata: ko ba ka jona komai ba tana shan nata. Kashe ta in ba ka buƙata, waya kuwa ka yi mata caji ta kafar volt 12. Sannan abin da ke da sauƙi a soket yana da nauyi a batir. Na'urar ɗumama abinci mai wat 1,000 tana jan sama da amp 80 ta cikin inbata. Esi na rufin mota kuwa ba aikin batir ɗaya ko biyu ba ne. Firij mai aiki da gas da lantarki a mayar da shi kan gas da hannu, don in an bar shi ya zaɓa da kansa, zai iya komawa kan inbata ya kwashe batirin shiru.

Faifan sola mai wat 100 yakan ba da kimanin 30Ah a yini mai kyakkyawar rana. Inuwar reshe ɗaya ko ƙurar hamada tana rage wannan sosai. Da hunturu rana tana tafiya ƙasa-ƙasa, sai a karkata faifan ya fuskanci kudu, a riƙa goge shi.

Janareta kuma a tada shi da safe, lokacin da batir ke da yunwa yana karɓar caji da sauri, a bar wa sola ƙarashen, domin kashi 20 na ƙarshe a batir mai ruwa a hankali yake shiga, ƙona fetur ne kawai. A yawancin gandun shaƙatawa na ƙasa a Amurka an hana hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya fi damuna shi ne mai cire wayar na'urar gano hayaƙi mai guba wai don tana shan batir. Abin da take sha bai taka kara ya karya ba, gubar da ke cikin hayaƙin janareta kuwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ka bar ta a jone, ka ajiye janareta nesa da tagogi, bututun hayaƙinsa na kallon waje.

Masu komawa batirin litiyum suna samun kusan ninki biyu na abin amfani a girma ɗaya, amma ba a yi masa caji in sanyinsa ya kai ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Celsius, kuma tsohuwar cajar da ta zo da motar ba lalle ta cika shi ba. Ka duba ko tana kaiwa wajen volt 14.4 kafin ka biya kuɗin batirin.