Yadda Ake Neman Kifin Kirafi a Tafkunan Amurka Lokacin Hunturu

Kifin da Amurkawa ke kira crappie, wato kirafi, yana cikin kifayen ruwan daɗi da aka fi nema a Amurka da kudancin Kanada, domin namansa fari ne mai laushi, kuma a garke yake yawo. Idan ruwa ya fara ɗumi bayan hunturu yakan matso bakin gaɓa don yin ƙwai, a lokacin nan kuwa ko yaro ma yana iya kama shi. Amma da zarar sanyi ya kankama sai ka ji masunta da yawa suna cewa kifin ya daina cin abinci, su nannaɗe fatsarsu su ajiye. Ni ban yarda da wannan magana ba. Kirafi yana ci a hunturu, sai dai ya bar wuraren da aka saba samunsa ya tattaru a wani ɗan sashe na tafki, ya bar ragowar ruwan kusan fayau. Saboda haka babban aikin mai su a wannan lokaci shi ne nema, kuma wanda ya jefa ƙugiya kafin ya tabbatar da akwai kifi a ƙarƙashinsa yana iya wuni bai ga ko ɗaya ba.

Kirafi iri biyu ne, kuma sanin wanda ke cikin tafkinka yana rage maka wahala. Baƙin kirafi yana da ɗigo-ɗigo a warwatse a jikinsa da ƙayoyi 7 ko 8 a gadon baya, ya fi son ruwa garau mai ciyayi, shi ne aka fi samu a tafkunan arewa irin na Minesota da Wiskonsin. Farin kirafi yana da zane-zane a tsaye da ƙayoyi 5 ko 6, kuma ruwa mai gurɓi ba ya damunsa, shi ya sa ya cika madatsun ruwa na kudu kamar Girenada da Sardis da Enid a jihar Misisifi. A madatsar Enid ɗin ce aka kama farin kirafi mai nauyin fam 5 da oza 3 a 1957, wanda aka rubuta a matsayin mafi girma a irinsa.

Kafin a fita, ya kamata a fahimci abin da sanyi ke yi wa ruwa. Ruwa ya fi nauyi idan zafinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, don haka a tsakiyar hunturu wannan ruwa mai digiri 4 yakan kwanta a ƙasa, wanda ya fi shi sanyi kuma ya tsaya a sama, inda yake daskarewa. Ma'ana, ƙasan tafki ya fi samansa ɗumi, kuma zafinsa ba ya sauyawa da sauri ko da iska ta juya a waje. Zafin jikin kifi yana bin na ruwan da yake ciki, saboda haka a irin wannan yanayi narkewar abincinsa takan yi jinkiri, motsinsa ya ragu, ba ya kuma yarda ya bi abinci da gudu. Zai ci abin da ya zo gabansa a hankali, ya ƙyale wanda ya wuce shi da sauri.

Abu na biyu shi ne abincin kansa, domin inda abinci ya sauka nan garke yake sauka. A madatsun kudu abincin kirafi ƙananan kifaye ne da ake kira shad, waɗanda sanyi ke galabaitarwa ƙwarai, har wani irinsu yakan fara mutuwa idan zafin ruwa ya sauko kusa da digiri 5. Waɗannan ƙananan kifaye sukan dunƙule a ruwa mai zurfi, kirafi kuma ya tsaya a gefensu ko a ƙarƙashinsu yana tsintar masu rauni. A tafkunan arewa kuwa ya fi dogara ga ƙananan halittun da ke shawagi cikin ruwa da jajayen tsutsotsin da ke fitowa daga taɓo, shi ya sa ake samunsa a saman ƙasa mai laka fiye da mai duwatsu ko yashi.

Bari mu fara da madatsar da ba ta daskarewa. Tun a gida ya kamata ka buɗe taswirar zurfin tafkin, ka nemi tsohuwar hanyar kogi da ta ƙoramun da ruwa ya binne lokacin da aka gina madatsar. Waɗannan kwaruruka suna nan a ƙasa yadda suke, kuma su ne hanyoyin da kirafi ke bi daga wuri zuwa wuri. Kada ka ɓata lokaci a inda hanyar ta miƙe sambal. Nemi inda ta yi kwana, musamman gefen waje na kwanar inda gaɓa ta fi tsayi, da inda ƙorama ta haɗu da babban kogi, da inda wani tsinin tudu ya gangaro ya taɓa kwarin. A taswira za ka gane irin waɗannan wurare ta yadda layukan zurfi suka matsu da juna. A mafi yawan madatsu zurfin ƙafa 15 zuwa 30 ne ya kamata a fara dubawa, ko da yake a ruwa mai gurɓi kifin yakan tsaya sama da haka, a ruwa garau kuma ya ƙara nutsawa.

Idan aka samu abin fakewa a kan irin wannan gangare, to an samu wurin da ya cancanci a tsaya. Bishiyoyin da ruwa ya cinye suna tsaye, da kututture, da tarin rassan da ake nutsarwa da gangan, duk suna tara kirafi. Hukumomin kula da kifi na jihohi da dama sukan nutsar da irin wannan tari da kansu su kuma wallafa wuraren da suke, don haka yana da kyau a duba kafin a fita. Ginshiƙan gadar da ta ƙetare tsohuwar hanyar kogi su ma wuri ne mai albarka, kuma ga wanda ba shi da kwalekwale, dandalin ɗaure jiragen ruwa da ke kan ruwa mai zurfi yakan wadatar, idan masu wurin sun yarda.

Na'urar sona, wadda ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa, ita ce idon mai su a hunturu. Ka riƙa tafiya a hankali kana ƙetare gangaren daga sashe marar zurfi zuwa mai zurfi, kana komawa, ba tare da ka jefa komai ba. Garken shad yakan bayyana a allo tamkar gajimare, kirafi kuwa ɗigo-ɗigo ne a jere, sau da yawa wasu a saman wasu, ko dai a kan rassa ko a rataye tsakiyar ruwa. Tun da kamfanin Garmin ya fito da wata sona mai suna LiveScope a 2018, masunta suna iya ganin kifi yana motsi a gaban jirgi, har su ga lokacin da ya juyo wajen ƙugiya. Na'ura ce mai tsada, kuma ba dole ba ce. Sona ta gama-gari ta isa ta gaya maka abu biyun da kake bukata, wato ko akwai kifi, da kuma zurfin da yake.

Wannan zurfi shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara bayan sun sha wahalar gano garke. Idanun kirafi suna can sama a kansa, bakinsa kuma ya ɗan ɗaga, saboda haka sama yake kallo idan zai ci. Abin da ya wuce ƙasa da shi kamar babu shi ne. Idan sona ta nuna kifi a ƙafa 18, ka tsayar da ƙugiyarka a ƙafa 16 ko 17, ka bar shi ya taso da kansa. Wanda ba shi da na'ura sai ya fara daga sama yana sauka ƙafa bibbiyu, yana jinkirtawa a kowane mataki, kuma da ya samu na farko ya sa alama a zaren domin ya komo daidai wurin. Akwai wata fa'ida a farawa daga sama: kifayen da ke saman garke su ne suka fi yunwa, kuma idan ka ciro su daga can ba ka ratsa ta tsakiyar sauran ka firgita su ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Sanda mai laushin baki, zare siriri mai ƙarfin fam 4 zuwa 6, da ƙaramar ƙugiya mai kan dalma wadda ake kira jig, mai nauyin kashi ɗaya cikin 16 ko cikin 32 na oza, an sa mata ɗan jikin roba ko gashi. Idan da iska ko zurfi ya yi yawa a ƙara nauyi zuwa kashi ɗaya cikin 8. Ƙaramin kifi mai rai da aka soka a ƙugiya yakan yi aiki ranar da roba ta gaza. Game da launi, masunta suna yawan gardama a kai, amma a ganina ba ya kai zurfi muhimmanci ko kusa: mai haske a ruwa mai gurɓi, mai kama da ɗan kifi a ruwa garau, idan an daɗe ba labari a sauya.

Motsa ƙugiya kuwa sai an danne hannu. Ka saukar da ita, ka riƙe ta cik na daƙiƙoƙi da dama, ka ɗan karkaɗa bakin sanda, sannan ka ɗaga ta sannu a hankali. Cin kirafi a hunturu ba ya zuwa da fizga. Wani lokaci ɗan nauyi kawai za ka ji, wani lokaci kuma zaren ne zai yi sako-sako saboda kifin ya haɗiye ƙugiyar yana ci gaba da tasowa sama. Duk abin da ya sauya a zaren, ɗaga sanda. Amma a ɗaga da taushi, domin fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, tana yagewa idan aka fizge ta, kuma babba a sa masa ƙaramar koma a ɗebo shi maimakon a ɗaga shi da zare.

A arewa, inda tafki ke rufewa da ƙanƙara, maganar farko ita ce ta rai. Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Minesota tana ba da shawarar kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai kaurin inci 4 ba, kuma wannan ma'auni na sabuwar ƙanƙara ce garau. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusar ƙanƙara ƙarfinta kusan rabi ne, sai an ninka kaurin. Ka riƙa gwada ta da sandar ƙarfe kana tafiya, ka rataya a wuya ƙusoshin da ake caka wa ƙanƙara a jawo jiki waje idan an faɗa ruwa, ka guji bakin ƙorama da duk inda ruwa ke gudana a ƙasa, kada kuma ka fita kai kaɗai. Wanda ya kunna abin ɗumama cikin rumfa ya bar kafar iska, saboda iskar guba marar wari da wutar ke fitarwa tana kisa.

A farkon daskarewa kirafi yakan kasance a gefen ciyayin da ke da sauran kore, a zurfin ƙafa 8 zuwa 15. Idan dusar ƙanƙara ta taru ta tare hasken rana, ciyayin suka mutu suka fara ruɓewa, sai garke ya koma kwarin tsakiyar tafki mai taɓo, sau da yawa ƙafa 20 zuwa 40, yana shawagi ba ya zama wuri ɗaya. A nan dabara ita ce huda ramuka da yawa a jere tun kafin a fara, a riƙa bi ana saka sona a kowanne, inda ba a ga komai ba a wuce nan take. Zare a nan yakan sauko zuwa fam 2 ko 3, ƙugiya kuma ƙarama mai kan tangistan, wanda ya fi dalma nauyi don haka ya fi saurin nutsewa, a soka mata tsutsa ɗaya ko biyu. Can ƙarshen hunturu iskar oksijin takan ragu a ƙasa, musamman a ƙananan tafkuna, har a samu kirafi ƙafa kaɗan a ƙarƙashin ƙanƙara. Mai neman sa a ƙasa a wannan lokaci yana wuce shi ne tun a hanya.

Kirafi yana gani sosai a duhu-duhu, don haka asuba da gab da faɗuwar rana su ne lokutan da ya fi ci, a ruwa garau ma har cikin dare. A kudu, kwana uku ko huɗu na rana mai ɗumi a jere kan jawo shi sama ko kusa da gaɓar da rana ke duka, sanyi mai tsanani da ya biyo baya kuma ya mayar da shi cikin rassa ya lafe.

Saura batun da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kirafi yana da jakar iska a cikinsa wadda ba ya iya saurin rage mata iska. Idan aka ciro shi daga zurfin da ya kai ƙafa 25 zuwa 30 ko fiye, jakar takan kumbura, wani lokaci idanu su firfito, kuma da yawa daga waɗanda aka saki ba sa rayuwa ko da an ga sun nutse. Wannan ne ya sa a tafkin Fork da ke Tekzas doka ta ce daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu duk kirafin da aka kama dole a riƙe shi komai ƙanƙantarsa, har zuwa 25 a rana, alhali a sauran watanni sai wanda ya kai inci 10. A Minesota iyakar gama-gari kifi 10 ce a rana, wasu tafkuna kuma 5. Ka yanki lasisi, ka karanta dokar tafkin da za ka, domin takan bambanta da ta jiha. Idan garken da ka samu yana cikin irin wannan zurfi, ka ɗauki abin da za ka ci ka naɗe zarenka, ko ka koma neman wani garken a ruwan da bai kai ƙafa 20 ba, inda wanda ka saki zai koma ƙasa lafiya.