Yadda Za Ka Sauya Launin VS Code Don Ido Ya Huta

Mu da ke rubuta manhaja a Jidda bayan sallar isha'i, farin allo kan sa ido yaji.

1. Buɗe VS Code, wato manhajar da muke rubuta manhajoji a cikinta, danna Ctrl+K, sannan Ctrl+T. Jerin launuka zai fito.
2. Sauka da maɓallin kibiya, kowanne zai bayyana nan take. Ni da dare Solarized Dark nake zaɓa, shuɗinsa ba ya tsone ido. Da rana kuwa, in haske ya shigo ta taga, allo mai duhu madubi yake zama, sai in koma Solarized Light.
3. Danna Enter.
4. In rubutu ya yi ƙanana, haɗa Ctrl da +.
5. Bar launin kwana biyu ido ya saba, kada ka yi ta canje-canje aiki na jiranka.