Yadda malamin aji zai riƙa sanar da iyaye abin da ake ciki a zangon farko

Duk shekara idan aka dawo daga dogon hutu a watan Satumba sai an turo mana sababbin malamai, wasu 'yan koyon koyarwa daga kwalejin ilimi, wasu masu bautar ƙasa. Kusan dukkansu abu ɗaya suke yi a makon farko. Su kwashe lambobin da ke cikin rajista, su buɗe guruf a WhatsApp, su raɗa masa suna mai daɗi, su tura doguwar sallama. Kafin a kai hutun 1 ga Oktoba guruf ya koma kasuwar atamfa da turaren wuta da hotunan barka da Juma'a, shi kuma malami yana ɗakin malamai yana ƙorafin iyayen yanzu ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Ni ma na daɗe ina wannan ƙorafi kafin in gane a wurina matsalar take. Ga yadda nake yi yanzu da 'yan aji uku, daga buɗe makaranta zuwa hutun Disamba.

Mataki na farko, kuma shi ne ya fi cin lokaci: gano wanda ke shirya yaro da safe. Lambar da ke rajista ta wanda ya kawo yaron ce ranar da aka ɗauke shi, yawanci uba, wani lokaci kawu, wani lokaci ma maƙwabcin da aka roƙa ya raka shi. Yaron da ke aji uku, lambarsa ta shekara biyu ko fiye a rajista. Ko layin ya ɓata, ko an rufe shi lokacin da aka ce kowa ya haɗa da NIN, ko mai layin yana Legas ko Fatakwal wajen neman na kai. Ko da yana gari ma, ai ba shi ke laluben fensir da safa da ƙarfe bakwai na safe ba.

A nan na sha kashi har sau biyu a mako guda. Wata shekara a tsakiyar Oktoba na shirya darasi a kan amfanin gona, na rubuta a guruf cewa kowane yaro ya zo da cikin hannu ɗaya na gero ko masara ko gyaɗa ko wake ranar Litinin. Na duba na ga an karanta, hankalina ya kwanta. Ranar Litinin a ajin da ya haura yara sittin, waɗanda suka zo da wani abu ba su cika goma ba, a garin da kowane gida akwai damin gero a tsakar gida. Na tsare wata yarinya mai ƙoƙari da nake ji da ita, na ce ke ma? Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, ai Baba yana Abuja, wayar Umma kuma ƙarama ce.” Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na karɓi lambar uwar daga bakin yarinyar, na kira bayan magariba don in yi bayani. Washegari ƙanen mahaifinta ya iso ofishin hedimasta tun kafin a tashi tara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ya ba malaminku izinin kiran matar yayana?” Na ba da haƙuri, hedimasta ya ba da haƙuri, kuma gaskiyarsa ce.

Tun daga nan, a makon farko nake ba kowane yaro 'yar takarda ya kai wa mai gida, da tambaya huɗu cikin Hausa: wa ke shirya yaron da safe, wace lamba za a riƙa tura saƙon makaranta, wayar babba ce ko ƙarama, sannan an fi son rubutun boko ko ajami ko saƙon murya. A ƙasa akwai layi ɗaya da ke cewa mai gida ya amince a tura saƙo a wannan lambar, ya sa hannu ko ya dangwala. Wannan layin shi ne kariyarka, kada ka cire shi don rage tsawo. Takardar A4 ɗaya tana ɗaukar guda huɗu idan ka matse rubutun, ka yi hoton kwafi ka yanka da reza, kuɗin bai kai na katin waya ba. Wasu na cewa a rubuta a allo yara su kwafa don a huta da kashe kuɗi. Na gwada. Abin da ɗan aji uku ya kwafa a Satumba, bayan wata biyu bai riƙe fensir ba, ko shi kansa ba zai iya karanta shi ba.

Ba duka takardun za su dawo ba, kada ka yi fushi. Nemi yayyensu da ke aji biyar da shida ka danƙa musu ta biyu, su sun fi riƙon amana da saƙo. Wanda har mako na uku shiru, ka tare wanda ke zuwa ɗaukarsa a bakin ƙofa. Kuma a wannan binciken ne za ka gano wanda ke hannun kakarsa, da wadda ke riƙo a gidan goggonta, da maraya. Rubuta wannan a littafinka na kanka, ba a rajista ba, kuma kada ka ƙara tsayawa gaban aji ka ce wa irin wannan yaro ya je ya turo babansa.

Idan kai namiji ne, ko mai gida ya ba da lambar matarsa, saƙo kawai za ka tura. Idan magana ta kama dole, ka roƙi wata malama ta kira, ko ka kira shi ya haɗa ku. Malamai mata sun fi mu sauƙi a nan, amma su ma na ga wadda ta sha wahala da iyaye maza masu kiran dare da sunan tambayar aikin gida. Layi daban na aikin makaranta ya fi, a kashe shi bayan isha'i.

Mataki na biyu: raba iyayen gida uku, gwargwadon abin da takardun suka nuna. Masu babbar waya da ke sayen data, masu ƙaramar waya, da waɗanda babu waya ko kuma tana hannun wanda ba ya kwana a gida.

Ga masu babbar waya, ni ba na buɗe guruf. A guruf kowa yana ganin lambar kowa, kuma babu magidancin da zai ji daɗin lambar iyalinsa tana gaban maza hamsin da bai sani ba. Jerin burodkas nake yi. Yana ɗaukar mutum 256, saƙo yana shiga wa kowa shi kaɗai kamar shi ka tura wa, amsarsa kuma kai kaɗai take zo wa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ke kayar da mutane: wanda bai adana lambarka a wayarsa ba, saƙon ba zai same shi ba. Don haka rubuta lambarka ɓaro-ɓaro a waccan 'yar takardar, ka ce a adana ta. Idan makaranta ta matsa sai an yi guruf, to ka kulle shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu.

Masu ƙaramar waya sai tes. Ga wani abu da na daɗe ban sani ba ina ta asarar kati: shafin tes ɗaya harafi 160 ne, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama uku. Ni mai faɗa ne a kan ƙugiya a aji, amma a tes rubuta “kudi” da “karfe”, kowa zai gane.

Rukuni na uku takarda ce, a maƙale ta da alluran takarda a cikin bangon baya na littafin lissafi, kullum wuri ɗaya, har uwa ta saba da buɗe nan. Wanda ya zaɓi ajami a rubuta masa da ajami. In ba ka iya ba, malamin addini na makarantar zai yi maka cikin minti biyar. Babbar sanarwa kuwa, irin ta ranar jarrabawa, ka bi ta hedimasta zuwa SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, tunda akwai wakilin mai unguwa da na malamai da na mata a ciki. Abin da liman ya faɗa bayan sallame sallar magariba ya fi tes ɗinka ashirin saurin shiga gidaje.

Mataki na uku: saƙo ɗaya a mako, ranar Alhamis da rana bayan an tashi. Ba Litinin ba, ba daren Lahadi ba. Alhamis da Juma'a yawancin makarantun allo da Islamiyya ba sa karatu, yaro yana gida da yamma, uwa tana da sararin tambayarsa, kuma in akwai abin da za a nemo ga Asabar da Lahadi a gaba. Abu uku kawai ke shiga saƙon: abin da muka yi, abin da za mu yi, da abu ɗaya da ake so daga gida. Ɗaya na ce. Ka nemi uku, ba za ka sami ko ɗaya ba. Idan murya ce kada ta wuce minti ɗaya, doguwar murya data take ci kuma a rabi ake kashe ta. Ga irin wanda nake turawa:

“Assalamu alaikum iyaye, malamin aji uku ne. Wannan makon mun yi sau uku da sau huɗu a lissafi.  Mako mai zuwa amfanin gona za mu yi, kowa ya zo da cikin hannu ɗaya na gero ko masara ko gyaɗa ranar Litinin, a ƙulle a leda. Ba a buƙatar ko sisi. Allah ya yi wa zuri'a albarka.”

Wannan “ba a buƙatar ko sisi” kada ka manta da shi. Iyaye da yawa da sun ga saƙon makaranta gabansu ke faɗuwa, sun ɗauka kuɗi ne, wasu ma ba sa buɗewa. Akwai kuma yara masu wayo da ke ƙara “Malam ya ce a zo da ɗari biyu” a kan kowane saƙo. Duk maganar kuɗi ta fito a takardar hedimasta mai hatimi, kai babu ruwanka.

Mataki na huɗu shi ne lissafi da kaka, domin zangon farko a tsakiyar aikin gona yake faɗowa. Ana buɗe makaranta ana girbin gero, sai karyar masara da cirar gyaɗa, sai roron wake, dawa ce ta ƙarshe wajen Nuwamba zuwa Disamba. A makarantar ƙauye ko gefen gari za ka ga benci ya yi fili ranar da ba ka zata ba. Wa'azi a saƙo ba ya hana wannan, na yi na gaji. Abin da ke aiki shi ne ka sanar da ranakun gwaji mako biyu kafin su zo, ka ce wanda zai ɗauki yaro gona ya kauce wa waɗannan ranakun, ya kuma faɗa maka tun da wuri don ka ajiye masa aikin da aka yi. Manomi yana girmama wanda ya san aikinsa.

Ƙarshen damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Yaron da ya kwana uku bai zo ba, tura wa gidansu saƙo su kaɗai, kuma da gaisuwa za ka fara: kwana biyu ban ga wane ba, lafiya dai ko? Sau da yawa za ka tarar yana kwance. Ka fara da faɗa, kai za ka ji kunya. Idan hunturu ya fara busawa a ƙarshen Nuwamba, saƙon wannan makon na rigar sanyi ne da man shafawa, kuma ka faɗi launin rigar da makaranta ta yarda da shi tun kafin a sayo wadda za a kore shi da ita a bakin ƙofa.

Mataki na biyar, hoto da maki. Makin yaro ba ya shiga saƙon kowa da kowa, ko na ɗaya ya zo, balle na ƙarshe. Kishiyoyi na iya kasancewa a jeri ɗaya, ka haddasa abin da ba ka san farkonsa ba. Hoto kuwa na aikin nake ɗauka: allo, ko tiren da aka jera gero da wake a kai, ko hannayen yara ba fuska. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta yi tanadin neman yardar iyaye wajen sarrafa bayanan yaro, kuma hoton da ya fita daga wayarka ba ka da iko da inda zai tsaya.

Sauran ba wuya. Taron iyaye na aji sau ɗaya ya isa, daf da hutun tsakiyar zango, ranar Asabar da hantsi, kada ya faɗa ranar kasuwa, kada ya wuce awa ɗaya, littattafan yara a kan benci kowa ya duba na ɗansa. Jadawalin jarrabawa ya tafi ta hanyoyin nan uku gaba ɗaya. Katin sakamako kuwa, wani babba daga gida ya zo ya karɓa, idan ka ba yaro wani katin a kwata yake ƙarewa. Saƙon Alhamis na ƙarshe ya ɗauki ranar dawowa a Janairu, ka kuma ce duk wanda ya canza layi lokacin hutu ya turo sabon.