Babi na 4: Kada Ku Dubi Saurin Hannun Malam

Da yawa daga cikinku kun ce in na rubuta kalma a allo kamar ƙiftawar ido ne, ku kuwa sai gumi ya karyo muku kafin ku gama harafi ɗaya. Wani dattijo har ya ajiye fensir ya ce kansa ya riga ya bushe. Baba, kanka bai bushe ba.

Ku tuna ranar su, wato bikin kamun kifi, a gulbin Matan Fada na Argungu. Masunci ya kwanta bisa gora, homa a hannu, ya nutsa, kafin ka ce kwabo ya taso rungume da giwan ruwa. Baƙon da ya zo kallo sai ya ɗauka sa'a ce kurum. Ku mutanen Argungu kun san tun yana yaro yake bin mahaifinsa gulbi. Ya sha ruwa ya ƙoshi, kifi ya sha kuɓuce masa, har ƙafarsa ta san inda laka take da inda zurfi yake. Saurin hannuna irin wannan ne, shekaru ne suka taru a cikinsa. Ku yau kuka shigo ruwan, don haka a hankali za mu tafi.

Darasi na 1: b da d

Ku shimfiɗa littafi a kan benci, kada ku riƙe shi a sama. Ku dubi jan layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Ya kasance yana gefen hagunku, wato gefen hannun da ba a cin tuwo da shi. Daga nan ake farawa. Ku da kuka yi karatun allo, hannunku ya saba tashi daga dama, kuma a can hakan ne daidai. Boko daga hagu yake tashi ya nufi dama.

Yatsu uku ke riƙe fensir: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Kada ku matse shi. In yatsa ya fara ciwo, matsewa ta yi yawa, ku saki ku girgiza hannu.

Yanzu b. Ku ja sanda daga sama zuwa ƙasa. Ku tsaya. Sai ku yi masa ciki a ƙasa, gefen dama. Sanda tukuna, sannan ciki. Ku faɗa da baki: sanda, sannan ciki. Ku sake wani. Sanda daga sama zuwa ƙasa, ku tsaya, ciki a dama. Kafin ku yi cikin, ku ɗaga hannun damanku ku dube shi, can cikin zai tafi. Madalla. Ko ya karkace ba komai, in dai cikin yana dama, b ne.

Shi d da ciki ake fara shi. Ku zagaya ciki, sannan ku ja sanda a damansa. To a nan kusan kowa ke tuntuɓe, har waɗanda suka fi kowa ƙoƙari. Mutum ya ja sanda, sai ya rasa gefen da zai sa ciki. Maganin shi ne kada ku taɓa fara d da sanda. In kun ga hannunku ya fara da sanda, b kuke yi, ciki ya tafi dama.

Mu sake. b: sanda, sannan ciki. d: ciki, sannan sanda. Ku rubuta shi da yatsa a bisa benci kafin ku ɗauki fensir. Ku fita waje ku zana shi a ƙasa da tsinke. Sanda, sannan ciki.

Ga dalilin da nake nanatawa. Ku rubuta buhu. Ku rubuta duhu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Mai shinkafar da ya kai buhu 5 kasuwa, in ya juya cikin b, abin da zai tarar a littafinsa duhu 5 ne.

Ku cika layi 3 da b, layi 3 da d, sannan ku rubuta: baba, dabo, bado, buhu, duhu. A kowane b ku faɗa a hankali, sanda, sannan ciki.

Wata magana kuma, iyayena. Wasunku suna ba 'ya'yansu 'yan firamare su yi musu aikin gida. Ina ganewa, rubutun yaro daban yake. Wallahi kanku kuke cuta. Ranar da za ku sa hannu a banki ko ku duba lissafin bashi, yaron ba ya wurin. Na fi son layi ɗaya karkatacce na hannunku da shafi guda na hannun wani. Masu goge rubutu da yawu kuma ku daina, takarda hujewa take yi.

Darasi na 2: ɓ, ɗ, ƙ

Waɗannan b, d da k ne da aka lanƙwasa musu kai. Ku gama harafin tukuna, sannan ku sa lanƙwasar a sama. Wanda b ɗinsa bai zauna ba ya koma darasi na 1, ba abin kunya ba ne. Ku rubuta: baki, baƙi, kafa, ƙafa, ɗari, ɓera. Ku karanta kowace da ƙarfi ku ji bambancin.

Darasi na 3: Lambobi

Su ma daga hagu. Ku rubuta 1934, shekarar da aka fara bikin kamun kifi na Argungu. Ku rubuta 1991, shekarar da aka kafa Jihar Kebbi. Ku kula da 9, kansa a sama yake. In ya koma ƙasa ya zama 6.

Darasi na 4: Suna

Harafin farko babba ne. Ku kwafi sunanku daga katin zaɓe sau 10, ku kawo ranar Asabar.