Yadda Za A Auna Sauƙin Mai Ciwon Ƙashi Daga Bakinsa

Duk wanda ya yi aiki a sashen ƙashi ko na gashin ƙashi a Birnin Kebbi ya san amsar da majiyyaci ke bayarwa idan an tambaye shi jiki: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka dattijo zai faɗa ko da ya shafe wata uku yana sallah a zaune. Hoton ƙashi zai nuna karaya ta haɗe, amma ba zai nuna ko manomin shinkafa daga Argungu ya iya komawa fadama ba. Wannan giɓin ne takardar tambayoyin da majiyyaci ke amsawa da kansa take cikewa.

A fara da zaɓen takardar da ta dace da gaɓar. Ga ciwon baya akwai Oswestry mai sassa 10, wadda aka fassara zuwa Hausa aka kuma gwada ingancinta. Ga gwiwa akwai Oxford mai tambayoyi 12, ko KOOS mai 42, wadda ta fi dacewa da 'yan ƙwallo da 'yan kokawa domin tana tambaya kan gudu, tsalle da tsuguno. A kula da lissafi, domin a Oswestry yawan maki alamar tsanani ne, a Oxford kuwa 48 ita ce cikakkiyar lafiya.

A cike takardar a karon farko kafin a fara magani, in ba haka ba babu abin kwatantawa, sannan a maimaita bayan mako 6, wata 3 da wata 6. Wanda ya fito daga Zuru ko Yawuri, a kira shi ta waya.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen karanta wa wanda bai iya boko ba. Ma'aikaci ya karanta tambayar yadda take, kada ya canza lafazi, kada kuma ya bar ɗan rakiya ya amsa, domin ɗa yakan ƙara ciwon mahaifinsa, miji kuma yakan rage na matarsa. Oswestry tana da sashe kan kwanciyar aure, saboda haka mace ta tambayi mace, a keɓe. A ganina ya kamata a ƙara wata takarda daban kan sujada, zaman tahiya da tsuguno a bayan gida, tunda su ne suka fi damun mutanenmu.

Idan majiyyaci ya dawo, likita ya ɗora sakamakon baya kusa da na yau, ya ce: "Baba, wancan zuwan ba ka iya tsayuwar minti 10, yau kana rabin awa."