Yadda ake tashi daga gado bayan aikin tiyatar gadon baya

Tun da aka sallamo ni daga babban asibitin Damagaram ake ta tambayata yadda nake saukowa daga gado. Ga yadda aka koya mini:

1. Kana rigingine, lanƙwasa gwiwoyinka.
2. Mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu tare, kamar gungume. Hattara, a nan ake kuskure: kada ka murɗa baya. Na yi haka ranar farko, sai da na kira sunan inna.
3. Zuro ƙafafu ƙasa.
4. Dogara da gwiwar hannu ka zauna.
5. Dakata, jiri ya wuce.
6. Miƙe a hankali.

Mai jinya, kada ka fizgo hannun mara lafiya. Buta ma miƙa masa, kada ya sunkuya.

In ɗinki na fitar da ruwa, ko zazzaɓi, ko ƙafa ta mutu, a koma asibiti nan take.